Masu Jinyar Raunin da Ba A Gani da Ido

Idan mutum ya karye a ƙafa, kowa ya san inda za a kai shi. Amma akwai yaron da ya tsere daga ƙauyensu da dare ana harbe-harbe. Jikinsa lafiya lau, sai dai ba ya iya barci, ƙarar ƙofa kan sa ya zabura, karatu kuma ya ƙi shiga. Wasu su ce lalaci ne, wasu su ce iskoki ne. Sau da yawa firgici ne ya zauna masa a zuciya, kuma akwai waɗanda aikinsu ke nan su yi jinyarsa.

Iri biyu ne. Likitan taɓin hankali ya karanci likitanci, shi ne ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam kuwa ba ya ba da ƙwaya. Yakan fara da tabbatar wa mutum cewa haɗarin ya wuce, ya koya masa yadda zai lafar da numfashi in tsoro ya taso. Sa'an nan ya bar shi ya faɗi abin da ya gani kaɗan-kaɗan, ba da tilas ba, har tunawar ta daina kayar da shi, ya koma gona ko aji.

Wahalar ita ce manyan asibitocin wannan ciwo suna nesa, irin su Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Talakan ƙauye ina zai sami kuɗin mota? Shi ya sa wasu ke ƙarewa a ɗaure da mari a bayan gida.

Wani ɗan ƙasarmu, Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda shi ma makarantar mishan ya yi, ta Baptis a Abeokuta, ya ga wannan tun da wuri. A 1954, a Aro, ya ƙi kulle majinyata. Ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne da ɗan'uwansa mai dafa masa abinci, su zo asibiti da rana, su kwana cikin jama'a. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Darakta na Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe ma Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci kusa da ɗakin shan magani suna sauraron masu yawan tunani.

A ganinmu jinya ba ta rage darajar addu'a. Da annabi Iliya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa, abinci da barci Ubangiji ya fara ba shi kafin ya yi masa magana.

Ɗalibin da ke sha'awar aikin zai yi digiri na farko a saikoloji, kamar a Jami'ar Jos, ya ƙara na biyu a fannin jinya. Kada kuma ya yar da harshen gida, domin tsohuwar da aka ƙone mata rumbu ba da Turanci za ta ba da labarinta ba.