Firasar Nas a Bakin Gadon Majinyaci

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san cewa likita zagaye yake zuwa ya wuce, amma nas ce ke kwana da marasa lafiya. Saboda haka kukansu a kunnenta yake fara sauka, kuma a wuyanta amanar rarrabewa take, tsakanin ƙorafin da zai iya jiran wayewar gari da wanda jinkirin sa'a guda a kansa halaka ne.

Wannan hukunci ba a gina shi a kan zato, sai da hujja. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100, kuma galibi numfashi ne ke riga sauran alamomi sauyawa idan jiki ya fara rikicewa, alhali shi aka fi yi wa sakaci, domin ƙirga shi yana bukatar ido da agogo da haƙuri. A shekarar 2012 ƙungiyar manyan likitoci ta Landan ta tsara ma'auni mai haɗa alamomi shida, wato numfashi, da iskar da ke cikin jini, da awon jini, da bugun zuciya, da zafin jiki, da hayyaci, ana ba kowace maki, idan jimla ta kai 7 a kira agaji nan take.

Sai dai lissafi ba ya wadatarwa ga barin sauraro. Martha Mills, yarinya 'yar shekara 13, ta rasu a Ingila a 2021 bayan ƙwayoyin cuta sun mamaye jininta, iyayenta suna ta bayyana fargabarsu ba a ɗauke ta da nauyi ba. Dalilin haka a 2024 aka fara aiki da ƙa'ida mai sunanta, wadda ta ba dangi haƙƙin kiran wasu likitoci dabam su sake duba majinyaci.

A wajenmu kuwa mushkilar ta wata fuska take zuwa, domin an tarbiyyantar da mu a kan dauriya da kunya, har tsohuwa na cikin azaba, a ce mata "Inna, yaya jiki?" ta amsa "da sauƙi, alhamdu lillahi." Nas mai basira ba za ta rubuta wannan amsa ta wuce ba, za ta zauna, ta tambayi inda ke ciwo da lokacin da ya fara, sa'an nan ta juya ga 'yar da ke kwana da ita, ta ji yaushe rabon tsohuwar da fitsari, kuma ko maganarta ta sauya tun daren jiya.