Hanyar Marangu: Zango Uku Zuwa Ƙolin Kilimanjaro

Hanyar Marangu tsohuwar hanya ce ta hawan Kilimanjaro a arewacin Tanzaniya, dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka, mita 5,895. Ita kaɗai ce ake kwana a ginannun ɗakuna masu gadaje. A sauran hanyoyin tanti ake kafawa. Tafiyar kwana biyar ce ko shida, kuma doka ta hana hawa ba ɗan jagora.

Zango uku ne, kowanne ya ɗara na baya da kimanin mita dubu. Ranar farko ana ratsa kurmi mai danshi da birai, a yada zango a Mandara, mita 2,700. Kashegari itatuwa su yi ta gajarta har su ƙare, a isa Horombo, mita 3,700, inda gajimare ke ƙarƙashin ƙafar matafiyi. A nan masu dabara kan ƙara kwana guda, jiki ya saba da ƙarancin iska. Daga Horombo sai fako, tsakuwa da sanyi, har Kibo, mita 4,700.

Daga wannan fakon ake ganin farin ƙolin ƙuru-ƙuru, ƙolin da ya taɓa haddasa gardama. A 1848 wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya hango shi, ya aika labari Turai cewa akwai ƙanƙara a tsakiyar Afirka mai zafi. A Landan, masanin ƙasa William Cooley, wanda bai taɓa taka yankin ba, ya ƙaryata shi. Wanda ya gani da ido ya ce ƙanƙara ce, na zaune a ɗaki ya ce sam. Sai a 1889 Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka taka ƙolin, ƙanƙara na ƙarƙashin takalmansu.

Kalmar da 'yan jagora ke ta maimaitawa da Suwahili ita ce "pole pole", wato sannu-sannu, wadda Bahaushe ya ce ba ta hana zuwa. A can sama, iskar da ake shaƙa kusan rabin ta bakin teku ce, mai gaggawa kuwa ciwon kai da amai ke juyo da shi.

Daga Kibo ana tashi tsakar dare da fitila a goshi, a kai ƙolin dutsen, wato Uhuru, da hantsi, a gangaro Horombo a kwana, kashegari a fita ta ƙofar Marangu.