Yaƙin Yukren: Yadda hannun ƙawaye ke juya fagen daga

A tsakiyar watan Fabrairun 2024 sojojin Yukren suka janye daga Avdiivka, wani garin masana'antu da ke gabashin ƙasar, bayan sun shafe watanni suna kare shi. Kwamandojinsu sun daɗe suna kukan ƙarancin harsasan atilare, har ta kai ana ƙidaya abin da kowace bindiga za ta harba a yini. A daidai wannan lokaci, kuɗin da za a sayi harsasan suna maƙale a majalisar dokokin Amurka, inda ƴan jam'iyyar Republican suka ce sai an fara magance kwararar baƙin haure ta iyakar Meziko. Sai a watan Afrilu majalisar ta amince da tallafin kusan dala miliyar 61. Kafin nan garin ya riga ya faɗa hannun Rasha.

Abin da ya faru a Avdiivka ya nuna yanayin wannan yaƙi tun farkonsa. Sojoji suna fafatawa a ramuka da gonakin gabashin Yukren, amma yawan abin da za su iya yi ya dogara ne ga shawarar da ake yankewa a Washinton, Burasal da Balin a ɓangare guda, da kuma Tehran, Beijin da Pyongyang a ɗaya ɓangaren.

Lissafin da bai fita ba

Ranar 24 ga Fabrairun 2022 dakarun Rasha suka shiga Yukren ta arewa, gabas da kudu. Babban burinsu shi ne kama Kiyef, babban birnin ƙasar, cikin ƴan kwanaki. An sauke sojoji ta sama a filin jirgin Hostomel da ke bakin birnin, yayin da ayarin tankoki ya gangaro daga Belarus. Amma ayarin ya cije a hanya saboda ƙarancin mai da abinci da kuma kwanton ɓaunar da ya riƙa fuskanta. Ƙananan rukunonin sojojin Yukren sun yi amfani da makaman kakkaɓe tanka da ake saɓawa a kafaɗa, irin su Javelin na Amurka da NLAW da Birtaniya ta aika, tare da jirage marasa matuƙa na Bayraktar ƙirar Turkiyya. A farkon Afrilu Rasha ta kwashe dakarunta daga kewayen Kiyef, ta mayar da hankali kan yankin Donbas na gabas.

Daga nan salon yaƙin ya canja, ya koma na wanda ya fi juriya da yawan harsashi. A nan ne rauni na Yukren ya fito fili, domin manyan bindigoginta tun na zamanin Tarayyar Sobiyet ne, kuma harsasansu suna ƙarewa. A watan Afrilun 2022 aka kafa wani zama na ƙasashe sama da 40 a sansanin sojin Amurka na Ramstein da ke Jamus, domin tsara wanda zai ba da me.

Makamai na zuwa, amma a makare

Tasirin taimakon ya bayyana da wuri. A watan Yunin 2022 motocin harba rokoki na HIMARS suka isa, waɗanda ke iya samun abin da ke nisan kusan kilomita 80. Da su Yukren ta riƙa ragargaza rumbunan makamai da gadojin da Rasha ta dogara da su. A watan Satumba ta ƙwato yanki mai faɗi a lardin Kharkiv, a watan Nuwamba kuma ta koma birnin Kherson.

Sai dai ƙawayen sun riƙa ba da makaman ne kaɗan-kaɗan, saboda tsoron kada Rasha, mai makaman nukiliya, ta ɗauka cewa sun shiga yaƙin da kansu. Kowane sabon makami sai an yi watanni ana jayayya a kansa. Jamus ba ta yarda a ba da tankokin Leopard 2 ba sai a Janairun 2023, lokacin da Amurka ita ma ta yi alƙawarin Abrams guda 31. Jiragen yaƙi na F-16 ba su isa ba sai a tsakiyar 2024. Izinin harba makamai masu linzami na ATACMS zuwa cikin ƙasar Rasha kuwa sai a Nuwamban wannan shekara aka bayar.

Rasha ba ta yi wasa da wannan jinkiri ba. A Satumban 2022 shugaba Vladimir Putin ya ba da umarnin kiran mutum 300,000 aikin soja, ya kuma ayyana larduna huɗu na Donetsk, Luhansk, Zaporizhzhia da Kherson a matsayin ƙasar Rasha, matakin da babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi watsi da shi. Cikin hunturu dakarunsa suka haƙa ramuka, suka shimfiɗa nakiyoyi a kudancin Yukren. Da Yukren ta ƙaddamar da babban farmakinta a Yunin 2023 da niyyar kaiwa gaɓar tekun Azov, sababbin tankokin suka riƙa tsayawa a filayen nakiya, ba tare da jiragen da za su kare su ta sama ba. Farmakin ya ƙare bai kai ga teku ba.

Turai ma ta gano cewa alƙawari ya fi cikawa sauƙi. Tarayyar Turai ta ce za ta ba da harsasan atilare miliyan ɗaya kafin Maris na 2024, amma da wa'adin ya cika kusan rabi kawai aka samu, domin masana'antunta sun daɗe ba su yi aikin yaƙi ba. Sai da Jamhuriyar Cek ta fita neman harsasai a kasuwannin duniya domin cike giɓin. Haka kuma tallafin Yuro miliyar 50 ya tsaya a Disamban 2023 saboda firaministan Hungary Viktor Orban ya hau kujerar na ƙi, sai a Fabrairun 2024 aka shawo kansa.

Rasha ma ba ita kaɗai ba ce

Duk da girmanta da masana'antun makamanta, Rasha ta nemi taimako daga waje. Daga Iran ta samo jirage marasa matuƙa na Shahed, masu araha, waɗanda ake sakowa da yawa cikin dare kan tashoshin lantarki da biranen Yukren. Yanzu a cikin Rasha ake ƙera su, a yankin masana'antu na Alabuga da ke Tatarstan. Dabarar a nan ta kuɗi ce, domin makamin da ake harbo jirgin da shi sau da yawa ya ninka jirgin tsada.

Koriya ta Arewa ta aika harsasan atilare masu yawa, sannan a Yunin 2024 ta sa hannu kan yarjejeniyar kare juna da Mosko. Da Yukren ta kutsa lardin Kursk na Rasha a watan Agustan 2024, Amurka da Koriya ta Kudu suka ce an tura sojojin Koriya ta Arewa sama da 10,000 domin taya Rasha faɗa. Pyongyang ta amsa hakan a Afrilun 2025. China ta ce ba ta ba kowa makami, amma ita da Indiya sun zama manyan masu sayen man Rasha bayan takunkuman Turai, kuma da kuɗin mai da iskar gas ne Mosko ke ɗaukar kaso mai tsoka na nauyin yaƙin.

Bambancin shi ne ƙawayen Rasha ba sa jiran ƙuri'ar majalisa ko sakamakon zaɓe kafin su aika kaya. Wannan ne ya sa masu nazari da dama ke ganin lissafin Putin shi ne ya daure har sai masu taimakon Yukren sun gaji.

Ƙofar NATO

Tushen jayayyar yana komawa ga ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda masu jin Faransanci suka fi sani da OTAN. A taronta na Bucharest a 2008 ƙungiyar ta ce wata rana Yukren da Jojiya za su zama mambobi, amma ba ta sa rana ba. Mosko na cewa matsowar NATO kusa da iyakarta barazana ce ga tsaronta, kuma tana neman a rufe wannan ƙofa har abada. Kiyef kuma na tunatar da duniya yarjejeniyar Budapest ta 1994, inda ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Tarayyar Sobiyet, Amurka da Birtaniya da Rasha kuma suka yi alƙawarin mutunta iyakokinta. Shekaru 20 bayan haka, a 2014, Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya. Shi ya sa Yukren ke cewa takarda kaɗai ba za ta sake isarta ba.

Yaƙin ya ƙara wa NATO faɗi ta wani gefen. Finland, mai iyakar sama da kilomita 1,300 da Rasha, ta shiga ƙungiyar a Afrilun 2023, Suwidin ta bi sahu a Maris na 2024. Amma ga Yukren ƙofar ba ta buɗe ba, domin dokar ƙungiyar ta ce hari kan mamba ɗaya hari ne kan duka, kuma babu wanda ke son gwabzawa da Rasha kai-tsaye.

Sauyin gwamnati, sauyin lissafi

Dawowar Donald Trump fadar White House a Janairun 2025 ta nuna haɗarin dogaro ga babban ƙawa guda. Ranar 28 ga Fabrairu ya yi cacar baki da shugaba Volodymyr Zelensky a gaban ƴan jarida, kwanaki kaɗan bayan haka Amurka ta dakatar da aika makamai da bayanan sirri na kusan mako guda. A watan Yuli aka fito da sabon tsari: ƙasashen NATO su sayi makaman Amurka da kuɗinsu, su miƙa wa Yukren. Ranar 15 ga Agusta Trump ya karɓi Putin a Alaska, aka tashi ba tare da tsagaita wuta ba.

Nauyin ya koma kan Turai. A taron NATO na birnin Hague a Yunin 2025 mambobin suka amince su kai kuɗin tsaro da abubuwan da suka shafe shi zuwa kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasa nan da 2035. Akwai kuma kadarorin babban bankin Rasha na kusan dala miliyar 300 da aka daskarar, galibinsu a Beljiyam. A 2024 ƙasashen G7 sun yarda su ba Yukren rancen dala miliyar 50 da za a biya da ribar waɗannan kuɗaɗe.

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma Yukren ta ɗauki wannan darasi. Ta mayar da hankali kan ƙera nata jirage marasa matuƙa, na sama da na ruwa. Ba ta da rundunar ruwa ta a zo a gani, amma ta nutsar da babban jirgin yaƙin Rasha mai suna Moskva a Afrilun 2022, daga baya kuma ta tilasta wa jiragen Rasha ja da baya a tekun Bahar Aswad, ta sake buɗe hanyar fitar da hatsi. Ranar 1 ga Yunin 2025 ta harba jirage marasa matuƙa daga cikin manyan motocin dakon kaya, suka afka wa sansanonin jiragen yaƙi har a Saiberiya. Duk da haka, makaman kariyar sama na Patriot, waɗanda ke tare manyan makamai masu linzami, har yanzu daga Amurka suke fitowa. Kuma akwai abin da ba ƙawar da za ta bayar, wato mutane. A Afrilun 2024 Yukren ta rage shekarun kiran aikin soja daga 27 zuwa 25. Rasha na riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar.

Inda ya taɓa Sahel

Afirka ta fara jin zafin yaƙin ne a kasuwa, lokacin da farashin alkama da takin zamani da mai ya tashi a 2022. A watan Yunin wannan shekara shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, ya je Sochi a madadin Tarayyar Afirka domin tattaunawa da Putin kan hatsi. Yarjejeniyar da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla ta ba da damar fitar da kusan tan miliyan 33 na abinci kafin Rasha ta fice daga cikinta a Yulin 2023.

Daga baya rikicin ya shigo siyasar yankin. A ƙarshen Yulin 2024 sojojin Mali da mayaƙan Wagner suka yi asarar rayuka mai yawa a Tinzaouaten, kusa da iyakar Aljeriya. Wani kakakin hukumar leƙen asirin sojin Yukren, Andriy Yusov, ya yi kalaman da aka fahimta a matsayin cewa ƴan tawayen sun samu bayanai daga ƙasarsa. Bamako ta yanke hulɗar jakadanci da Kiyef, kwana biyu bayan haka Yamai ta bi sahu a matsayin nuna goyon baya ga ƙawarta ta ƙungiyar AES. Kiyef ta musanta zargin, ta ce ba a gabatar da hujja ba. Wannan ya zo ne watanni kaɗan bayan isowar masu horar da sojoji na Rasha Yamai a Afrilun 2024, kuma a daidai lokacin da sojojin Amurka ke kwashe kayansu daga Agadas.

Akwai kuma abin da ya shafi matasa masu neman fita waje kai-tsaye. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton cewa an ɗauki ƴan mata daga ƙasashen Afirka ta hanyar tallace-tallacen intanet da alƙawarin karatu da aiki, suka tsinci kansu suna haɗa jirage marasa matuƙa a Alabuga, wurin da Yukren ta riga ta kai wa hari. An kuma samu rahotannin samarin Afirka da suka sa hannu kan takardun aiki da aka rubuta da Rashanci, suka ƙare a fagen daga. Duk wanda aka yi wa tayin aiki a ƙasar da ke cikin yaƙi, ya kamata ya nemi a fassara masa takardar da harshen da yake ji, ya san sunan kamfanin da garin da za a kai shi, ya kuma riƙe fasfonsa a hannunsa kafin ya bar gida.