Tuwon da Ake Tuƙawa a Landan, a Ci a Ajantina

A tsofaffin unguwannin Kano da Zariya ba a rasa gidan da ya yi suna da abincin sayarwa. Matar gidan tana kulle, ko zaure ba ta leƙawa. Da hantsi yarinya za ta fito da tire a ka, kwanuka a jere an rufe da faifai, ta nufi tasha ko bakin kasuwa. Masu ci sun san hannun mai girkin sarai, ranar da gishiri ya gaza ma sai sun aika mata, amma da za ta gifta ta gabansu ba mai gane ta. Maƙwabcinta na jikin katanga kuwa sau da yawa ƙamshi kawai yake sha.

Irin wannan zama rediyon Sifaniyanci na BBC ya yi a Landan har kusan shekara 73. An ɗora tukunyar ranar 14 ga Maris 1938, wata biyu da 'yan kwanaki bayan buɗe sashen Larabci, kuma dalilin ɗaya ne. Jamus ta Hitler da Italiya ta Mussolini sun riga sun kasa hajarsu a iska, suna yi wa duniya tallar kansu da harsunan mutane. Birtaniya kuma tana da abin da take tsoron rasawa a Latin Amurka: yawancin layin dogon Ajantina na 'yan kasuwar Ingila ne a lokacin, naman shanun da ake ci a Landan ma da yawansa daga can ake lodo shi. Wanda yake da irin wannan ciniki ba ya barin wani ya riƙa yi masa bayani a bayan idonsa.

A gajeren zango ake aika shirin, shi kuwa sama yake hawa ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. Saboda haka direban bas ɗin da ke wucewa ta ƙofar gidan rediyon bai san me ake faɗa a ciki ba, mai shago a Bogota ne yake ji. Aikin ma na dare ne, don ƙarfe takwas na daren Kolombiya ƙarfe ɗaya ne a Landan lokacin sanyi.

Cikin masu girkin, wanda labarinsa ya fi kama min zuciya shi ne Arturo Barea. Ɗan talaka ne, a Madrid ya tashi, mahaifiyarsa wankau take yi a bakin kogin Manzanares. Yaƙin basasar Sifaniya ya koro shi, ya iso Ingila a 1939 ba shi da komai. Daga 1940 har rasuwarsa a Disamba 1957 yana magana a rediyon duk mako, minti goma sha biyar, ya yi haka fiye da sau 800. Bai yi da sunansa ba. Juan de Castilla ya kira kansa, don danginsa suna hannun gwamnatin Franco, kuma kalma ɗaya tana iya ja musu wahala.

Ba sharhin manyan siyasa ya fi yi ba. Labarin ƙauyen da yake zaune yake ba su: maƙwabta, lambu, hirar mashayar gari, yadda Bature yake bin layi da katin rabon abinci. Abin da wani zai raina a ce ba labari ba ne, shi mutane suka riƙe. Da BBC ta tura shi rangadi Ajantina da Chile da Uruguay a 1956, jama'a suka yi ta tururuwa don su ga fuskar muryar da suka shekara goma sha shida suna ji. A titin Landan kuwa ba mai waiwayarsa.

Sai dai mai tuwon sayarwa jarinta a hannun maigida yake. A nan maigidan shi ne Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya, wadda ta riƙa biyan kuɗin sassan harsunan waje har zuwa 2014. In ta ga kasuwa ba riba, sai ta janye itace. Shirin da ake yi wa Sifaniya kanta, wanda aka fara a 1939, gwamnatin Thatcher ta rufe shi a 1981. Shekara na zagayowa yaƙin tsibiran Falkland ya ɓarke da Ajantina, sai ga Ma'aikatar Tsaro ta karɓe wata na'urar watsa shiri ta BBC a tsibirin Ascension, ta buɗe tashar farfaganda da Sifaniyanci mai suna Radio Atlántico del Sur don karya zuciyar sojojin Ajantina. BBC ba ta so haka ba, kuma ina ganin tana da gaskiya. In aka taɓa kama kwanon gidanki da algus, ko ba ke kika zuba ba, sunanki ne ya ɓaci.

A farkon 2011, bayan an zaftare kashi 16 cikin ɗari na kuɗin, aka sauke tukunyar gaba ɗaya. BBC Mundo ta koma intanet. Mu da muka tashi da jin Sashen Hausa, wanda ya fara ranar 13 ga Maris 1957, bai kamata mu karanta wannan kamar labarin wasu ba. Rufi ɗaya sassan biyu suka zauna a ginin Bush House, aljihu ɗaya ya ciyar da su, kuma rediyon Larabci da ya girme su duka ya yi shiru a Janairu 2023.

Kafin a kashe wutar, masu cin sun riga sun tare a unguwar. 'Yan Chile sun zo gudun mulkin Pinochet bayan 1973, 'yan Kolombiya sun zo aikin otal da asibiti, wasu kuma sun tsallako daga Sifaniya bayan karayar tattalin arziki ta 2008. Binciken jami'ar Queen Mary ya ƙiyasta 'yan Latin Amurka 145,000 a Landan a 2013, har da 'yan Brazil masu harshen Fotugal. Da yawansu shara da goge-goge suke yi a ofisoshi, su gama kafin masu ofis su iso. Unguwar Elephant and Castle da kasuwar Seven Sisters suka zama matattararsu.

Waɗannan ba labarin ƙauyen Ingila suke nema ba, suna cikinta. Ɗakin haya suke nema, da lauyan takardun zama, da wanda zai faɗa musu abin yi in an danne musu albashi, da kiɗan gida. Sai suka hura nasu murhun. Tashar Spectrum da aka buɗe a 1990 a matsakaicin zango ta riƙa raba sa'o'inta tsakanin baƙin Landan, masu Sifaniyanci suka samu nasu rabon. Daga baya ƙananan tashoshin intanet suka biyo, wasu daga ɗaki guda, tallar gidan abinci da ta masu aika kuɗi gida ce take riƙe da su.

Su ne suke ba ni tausayi, domin ba mai ajiye musu tarihi. Rubutun Barea yana nan a ma'ajiya, mai bincike zai je ya buɗe. Ƙaramar tasha kuwa in kuɗin haya ya gagara sai ta rufe, muryoyin su bi iska. Ginin kasuwar Elephant and Castle ma, inda masu ba su talla da yawa suke da shaguna, an rufe shi a Satumba 2020, aka rushe.