Ƙoshi Ba Ya Hana Tarwaɗa Cin Ƙaninta

Kiwon tarwaɗa ya shigo gidajenmu a Roni da sauran garuruwan masarautar Kazaure. Wani ya gina kwamin siminti a bayan gida, wani ya kafa na tamfol kusa da burtsatse. Tare da sana'ar kuma wata fahimta ta yaɗu, wai ba laifi a haɗa manya da ƙanana a kwami ɗaya, muddin ana zuba musu abinci isasshe. Masu wannan ra'ayi suna cewa yunwa ce kaɗai ke sa kifi cin ɗan'uwansa. Suna ƙarawa da cewa a dam ɗin Kazaure ba wanda ke raba kifaye, kuma ba su ƙare ba. Sannan ruwa a ƙasarmu mai duwatsu ba shi da arha, balle a ce a yi kwami biyu ko uku. Masu faɗin haka mutane ne masu neman halali, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da batun ƙoshi. Gaskiya ne yunwa tana ƙara tsananta cin juna, amma ba ita ce tushensa ba. Tarwaɗa mafarauciya ce, mai faɗin baki, kuma duk abin da ya motsa a gabanta wanda bakinta zai iya ɗauka, abinci ne a wurinta. A shekarar 1988 wasu masana biyu, Hecht da Appelbaum, sun wallafa binciken da suka yi kan 'ya'yan irin wannan tarwaɗar tamu, inda suka bayyana salo biyu na cin juna. Tun suna 'yan mitsi-mitsi, ɗaya yakan kama ɗan'uwansa ta wutsiya, ya haɗiye jikin, ya bar kan. Idan suka tasa kuma tazarar girma ta buɗe, sai babban ya haɗiye ƙaramin ɗungurungum ta kai. Ma'aunin dai shi ne girman baki da girman abin da za a haɗiya. Ƙoshi yana rage ɓarnar, ba ya kawar da ita.

Akwai kuma abin da mai zuba abinci ba ya lura da shi. Abincin kifi ana yin sa ƙwaya-ƙwaya bisa girman baki: akwai na ƙasa da milimita 1, akwai na 2, da 3, da 4, da 6, har zuwa 9. Wanne za ka saya wa kwamin da ka cakuɗa? In ka watsa mai milimita 6, ƙananan za su yi ta tsakurarsa ba su iya haɗiyewa, har manya su kwashe. In ka watsa mai milimita 2, wanda ya fi tsada, manya ne za su wawushe shi kafin ƙanana su matso. Ka tsaya bakin kwami lokacin ciyarwa ka gani: tsakiyar ruwa tana tafasa da manyan kawuna, ƙanana kuwa sun raɓe a kusurwa. Kullum babba na ƙara girma, ƙarami na tsumburewa, har ranar da zai dace da bakin yayansa. In ka ce za ka ninka abincin don kowa ya samu, ragowar za ta ruɓe a ƙasan kwami, ruwa ya yi wari, kifin ya daina ci. Abinci kuwa shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwon.

Wani zai ce nasa ai ƙyanƙyasa ɗaya ne, rana ɗaya aka kawo su. Wannan ma ba kariya ba ce. A cikin 'ya'yan uwa ɗaya ana samun 'yan kaɗan da ke yi wa sauran fintinkau cikin makonnin farko, waɗanda masu sana'ar ke kira shuta. Sau da yawa saurin girman nasu daga naman 'yan'uwansu yake zuwa. Mai kiwo yakan gan su ya yi murna, alhali kowane ɗaya ya ci masa kifaye da dama.

Hujjar dam kuwa, idan aka duba, tana goyon bayanmu ne. A dam da kogi ma babba yana cin ƙarami, sai dai ba wanda ya ƙirga adadin da aka fara da shi. Can akwai faɗi, akwai ciyawa da taɓo da ruwa marar zurfi inda ƙarami zai ɓuya. Kwamin siminti bango huɗu ne sumul, babu maɓoya ko ɗaya. Kuma dam ba ya bin kowa bashin kuɗin iri, kai kuwa da kuɗinka ka sayi kowane ɗan kifi.

Abin ba a tarwaɗa ya tsaya ba. A ƙasashen Turai da Amurka ana kiwon wata halittar ruwa mai kama da ƙadangare don sha'awa, axolotl, wadda asalinta tafkin Xochimilco ne a Meziko. Masu kiwonta suna raba ƙananan bisa girma, domin suna gatsar ƙafafun juna, babba kuma yana haɗiye ƙarami. Ita axolotl tana sake tsiro da ƙafar da aka cire. Tarwaɗar da aka haɗiye ba ta dawowa.

Wannan fahimta tana da wata illa da ta wuce asarar kuɗi. Cin juna ba ya barin gawa a saman ruwa. Sai ranar kwashewa mutum ya tarar adadin ya ragu ƙwarai, alhali bai taɓa tsame matacce ba. Nan sai zargi ya hau kan yaron da ke kula da kwami, ko maƙwabci. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma kafin a ɗora wa bawan Allah sata, a fara duba manyan kifayen nan da suka fi sauran ninki biyu ko uku.

Saura batun tsada, kuma shi ne ya fi nauyi. Rarrabewa ba ta buƙatar sabon gini. Raga da aka ɗaure ta raba kwami gida biyu ko uku ta isa, muddin idonta bai kai ƙarami ya ratsa ba. Tun suna ƙanana, a riƙa ware su kamar kowane mako biyu, a yi manya, matsakaita da ƙanana. A yi aikin da sassafe kafin rana ta yi zafi, a kuma dakatar da abinci tun daren da ya gabaci ranar don kada su galabaita a hannu. Kowane rukuni a ba shi ƙwayar da ta dace da bakinsa. Idan sun girma sun daidaita, sai a rage taɓa su. Kada kuma a zuba sabbin 'ya'ya a kan ragowar tsofaffin da ba a sayar ba.

Ɗan'uwa mai kiwo, ba sai ka yarda da maganata haka kawai ba. Ka ƙirga abin da ka zuba, ka rubuta. Ka raba kwaminka biyu, ka ware ɓangare ɗaya, ka bar ɗayan a cakuɗe, ka sake ƙirgawa ranar kwashewa. Lissafin shi zai raba gardama. Allah Ya sa albarka a nema.