Yaron Shago da Dokar Ƙwadago a Unguwar Kilomita Biyar

Unguwar Kilomita Biyar, wadda mutanen Bangui suka fi sani da PK5 saboda tazarar da ke tsakaninta da tsakiyar gari, ita ce cibiyar ciniki ta babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kuma a nan ne Musulmin birnin suka fi taruwa, Hausawa da Fulani da Barebari da waɗanda kakanninsu suka zo daga Cadi da Mali da Senegal. Aikin da ake yi a shagunanta da rumbunanta da garejojinta ya ginu ne a kan dangantakar maigida da yaronsa, wadda ta girmi ƙasar kanta, alhali kuwa akwai rubutacciyar doka da ta shafi wannan dangantaka ko da waɗanda ke cikinta ba su taɓa buɗe ta ba.

Asalin dokar yana komawa ga zamanin mulkin mallaka, lokacin da ƙasar take da sunan Ubangi-Shari kuma kamfanonin Turawa suke tilasta wa jama'a tatsar roba da noman auduga. A watan Afrilu na 1946 majalisar Faransa ta haramta aikin tilas a ƙasashen da take mulka, sannan a ranar 15 ga Disamba 1952 ta kafa kundin ƙwadago guda ɗaya domin dukkansu, wanda shi ne tushen da Nijar da Cadi da Afirka ta Tsakiya suka ɗora nasu a kai bayan samun 'yancin kai. Afirka ta Tsakiya ta yi nata a 1961, kuma aka maye gurbinsa da doka mai lamba 09.004 ta ranar 29 ga Janairu 2009. Wannan gado ɗaya shi ya sa ɗan kasuwar da ya san ƙa'idar aiki a Maraɗi ba zai ga baƙon abu mai yawa a Bangui ba.

Abu na farko da ya kamata mai ɗaukar ma'aikata ya fahimta shi ne ma'anar ma'aikaci a idon doka, domin a kanta sauran hukunce-hukunce suka rataya. Ma'aikaci shi ne wanda ya sa ƙarfinsa ko basirarsa a ƙarƙashin umarni da ikon wani mutum domin a biya shi lada, kuma wannan zama ƙarƙashin umarni, wato a ce wani ne ke tsara masa lokacin zuwa da tashi, ya nuna masa abin da zai yi, ya tsawata masa idan ya saɓa, shi ne ma'aunin da alƙali yake dubawa. Sunan da aka kira mutum da shi ba ya sauya komai. Yaron da ke buɗe shago bayan sallar asuba, ya auna kaya, ya riƙe aljihun tebur har magariba, ma'aikaci ne ko da maigida yana kiransa ɗansa, kuma rashin takarda ba ya rushe yarjejeniyar, sai dai ya wahalar da tabbatar da ita ranar da aka samu saɓani. Ɗan dako da ke ɗaukar kayan duk wanda ya kira shi, ya yanka kuɗinsa da kansa, hukuncinsa dabam ne, domin babu wanda ya mallaki lokacinsa.

Wannan rarrabewa ba sabuwa ba ce ga wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya a zaure, domin malaman ijara, wato babin hayar aiki da lada, sun daɗe da bambanta ɗan ƙodago na mutum ɗaya da mai sana'ar da ke yi wa kowa aiki, kuma sun sharɗanta a san adadin lada da iyakar aikin tun kafin a fara. A nan ne al'adar kasuwa ta fi rauni. Yaro yakan yi shekaru yana samun ci da sha da tufafin salla da ɗan abin sawa a aljihu, bisa fatan wata rana maigida zai sallame shi da jari ko ya yi masa aure, kuma babu mai musun cewa wannan hanya ta yaye manyan 'yan kasuwa daga Kano har unguwar Sabo ta Ibadan. Amma sallama alkawari ne da ba a yanka adadinsa ko ranarsa ba, kuma ƙarfinsa bai wuce ƙarfin shagon ba. Rikicin da ya ɓarke bayan da ƙungiyar 'yan tawayen Seleka ta kama mulki a Maris 2013, ya kuma tsananta daga 5 ga Disamba na shekarar, ya kori dubban Musulmi zuwa Cadi da Kamaru, kuma duk inda jarin maigida ya salwanta, shekarun yaronsa sun tafi tare da shi ba tare da wata shaida da zai nuna wa kowa ba.

Haƙƙoƙin da doka ta tanada sanannu ne. Makon aiki a yawancin ma'aikatu awa 40 ne, abin da ya haura kuma ana biyansa da ƙari. Ba a ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Mace mai ciki tana da hutun haihuwa na mako 14. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya daɗe a kan sefa 18,850 a wata, an ɗaga shi zuwa 29,000 daga farkon 2022. Wajibi ne kuma a yi wa ma'aikaci rajista a asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, CNSS, wanda ke ɗaukar nauyin fansho da tallafin iyali da diyyar hatsarin aiki, kuma fa'idarsa ita ce haƙƙin da aka tara a can ba ya ƙonewa idan shago ya ƙone.

Wajen rabuwa, doka ta bambanta kwantiragi mai wa'adi, wanda ke ƙarewa da cikar ranarsa, da marar wa'adi, wanda ba a yanke shi sai da dalili karɓaɓɓe da sanarwa tun da wuri, in ban da inda ma'aikaci ya aikata babban laifi irin su sata. Idan aka yi jayayya, ana fara zuwa wurin sufeton ƙwadago domin ya yi sulhu, sai idan sulhu ya gagara a wuce kotun ƙwadago, tsarin da bai yi nisa da yadda dattawan kasuwa suke zama a kan rigima kafin ta kai ga hukuma ba.

Batun daidaito ya fi nauyi a wannan unguwa fiye da ko'ina a birnin. Ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta wajabta lada ɗaya ga mace da namiji a kan aiki mai daraja ɗaya, da ta 111 ta 1958, wadda ta haramta nuna bambanci saboda launin fata ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa ko asali. Sai dai bambanci ba kasafai yake zuwa da sunansa ba. Rahotannin kare haƙƙin ɗan Adam sun sha nuna cewa Musulmin ƙasar suna shan wahalar samun takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa, inda akan nemi su kawo hujjojin da ba a neman wasu da su, kuma wanda ba shi da kati ba ya kai ga cike takardar neman aiki, balle a auna cancantarsa. Jami'in kula da ma'aikata a kamfani ko ƙungiyar agaji zai iya rantsuwa cewa bai taɓa korar kowa saboda addininsa ba, alhali sharuɗɗan da ya rubuta a sanarwar aiki sun riga sun tace masu nema. Haka kuma ma'aunin yana hawa kan attajirin PK5 da ke ɗaukar Kirista ya yi masa dako ko gadi, amma ba ya yarda ya ɗora shi a kan lissafi ko ya biya shi daidai da ɗan'uwansa a addini.

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan 'yan kasuwa. Shekaru da dama ƙungiyoyin da ke kiran kansu 'yan kare kai sun yi ta karɓar haraji a hannunsu da bakin bindiga, har abin ya kai ga ƙazamin faɗa tsakanin ɓangarorin biyu a Disamba 2019, kuma mutumin da ke biyan kuɗin tsira da ransa da wuya ya ware na fansho. Ita ma gwamnati tana da tarihin riƙe albashi, wanda yana cikin musabbabin boren sojoji na 1996 a zamanin Shugaba Ange-Félix Patassé. Ƙungiyar OHADA mai daidaita dokokin kasuwanci, wadda ƙasar take cikinta, ta ƙirƙiro a 2010 wani matsayi mai sauƙin rajista domin ƙananan masu sana'a, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta fitar da shawara ta 204 a 2015 a kan shigo da sana'o'in da ba su da rajista cikin tsari sannu a hankali. Matakin da ke hannun maigida a yanzu bai wuce littafi guda ba, irin wanda yake rubuta bashin abokan ciniki a ciki, inda za a sa ranar da yaro ya fara aiki, da abin da aka yanka masa a wata, da adadin sallamar da shekarar da za a ba shi, a gaban shaidu biyu daga cikin dattawan layi.