Yaƙin Manyan Ƙasashe Ya Shiga Allurar Rigakafi

A watan Yuni na 2024 ne kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bankaɗo wani shiri na asiri da rundunar sojan Amurka ta gudanar daga 2020 zuwa tsakiyar 2021, domin ɓata sunan allurar rigakafin korona ta kamfanin Sinovac na ƙasar Sin.

Binciken ya gano shafukan bogi aƙalla 300 a dandalin X, waɗanda suka riƙa rubutu da harshen Tagalog tamkar 'yan ƙasar Filifin, suna tsoratar da jama'a. Daga bisani shirin ya faɗaɗa zuwa Tsakiyar Asiya da Gabas ta Tsakiya, inda aka riƙa gaya wa Musulmi wai akwai sinadarin alade a cikin allurar, alhali Majalisar Malaman Indunisiya ta halatta ta tun watan Janairu na 2021.

Dalilin wannan aika-aika kuwa shi ne gasar neman rinjaye. Tun a watan Maris na 2020 wani kakakin ma'aikatar harkokin wajen Sin ya yi zargin cewa mai yiwuwa sojan Amurka ne suka kai cutar birnin Wuhan.

To, amma talaka ne ya ɗanɗana kuɗarsa. Sinovac ita ce allura ta farko da ta isa Filifin, a lokacin da cutar ke kashe mutane, asibitoci sun cika maƙil. Wanda aka tsorata da allura ɗaya kuwa, da wuya ya miƙa hannu ga wata.